Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Tarihin Hasashen Shigowar Sanyi A Duwatsun Sierra Nevada

Mai karatu, a kowace shekara idan watan Oktoba ya kai tsakiya, hukumar kula da yanayi da tekuna ta ƙasar Amurka, wadda ake kira NOAA, takan fitar da wata taswira mai launi-launi, inda take bayyana hasashenta na yadda lokacin sanyi zai kasance daga Disamba zuwa Fabrairu. Mutanen birni sukan kalle ta su wuce abinsu. Amma ga mazauna tsaunukan yammacin ƙasar, da direbobin manyan motoci da manoma da masu kula da madatsun ruwa, wannan taswira abar jira ce, domin kuwa a cikinta suke laluben amsar wata tsohuwar tambaya wadda ta taɓa cin rayuka, wato yaushe ne dusar ƙanƙara za ta sauko ta rufe hanya? Tarihin wannan tambaya nake son mu bi a yau, a kan dutse guda, mu ga abin da ɗan'adam ya gano a kanta da kuma abin da har gobe ya gagare shi.

Dutsen da kansa

Sierra Nevada jerin duwatsu ne da suka miƙe kimanin kilomita 640 a gabashin jihar Kalifoniya, kuma sunan da harshen Sifaniyanci yana nufin duwatsu masu dusar ƙanƙara. Ita dusar ƙanƙara daban take da ƙanƙarar da kan zubo mana da ruwan damina kamar tsakuwa. Wannan fara ce mai laushi, tana sauka kamar auduga, ta yi ta taruwa bisa juna har ta binne gida. Abin da ke kawo ta a wannan wuri shi ne iska mai laima da ke tasowa daga tekun Fasifik, ta ci karo da dutsen ta yi sama, idan ta hau sai ta yi sanyi ta zubar da kayanta a kan ƙololuwa. Kafin ta gangara gabas ta bushe, shi ya sa jihar Nevada da ke bayan dutsen ta zama hamada.

Wannan shi ne tarkon da ke jiran matafiyin da ya fito daga gabas. Yana tafe cikin ƙura da rana, bai ga alamar hadari ba, sai kawai ya tarar da bangon dutse a gabansa, kuma hadarin da zai rufe shi yana haɗuwa ne a can bayan bangon inda ido ba ya kai wa. Mashigin da ake bi a tsallake, wanda a yau ake kira mashigin Donner, yana da tsayin kimanin mita 2,150 daga teku.

A watan Nuwamba na 1844 ne wani ayari ƙarƙashin jagorancin Elisha Stephens ya fara haye wannan mashigi da kekunan shanu, bayan wani dattijo na ƙabilar Paiute, wanda suka laƙaba wa suna Truckee, ya nuna musu hanya. Da ƙyar suka sha. Wani saurayi daga cikinsu mai suna Moses Schallenberger ma shi kaɗai ya yi sanyin shekarar a wata bukka a bakin tafkin da ke gindin dutsen, yana kama yanyawa da tarko yana ci. To daga irin waɗannan tafiye-tafiye 'yan kaɗan ne aka ƙulla abin da ya zama hasashen wancan zamani, cewa mashigin ba ya rufewa sai tsakiyar Nuwamba. Babu ma'auni, babu rubutaccen tarihi, shekara biyu kacal aka gani aka yanke hukunci.

Ayarin 1846

A watan Afrilu na 1846 iyalan George Donner da ɗan'uwansa Jacob da na James Reed suka bar garin Springfield na jihar Illinois, suka nufi Kalifoniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Meziko. Ƙa'idar wannan tafiya sananniya ce ga kowa: ba a tashi sai ciyawa ta fito don shanu su sami abinci, kuma dole a haye dutse kafin sanyi. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu wata huɗu zuwa shida ne. Su kuwa ba su bar garin Independence na Missouri ba sai 12 ga Mayu, suna cikin na ƙarshe a ayarin shekarar.

Wani lauya mai suna Lansford Hastings ya wallafa littafin jagora ga masu ƙaura a 1845, inda ya ambaci wata hanyar yanke da ta bi ta kudancin babban tafkin gishiri na Utah, alhali a lokacin da ya rubuta shi kansa bai taɓa bin ta ba. A ƙarshen watan Yuni sai Reed ya haɗu da wani tsohon abokinsa, James Clyman, mutumin daji wanda bai daɗe da ratso wannan hanya a kan doki ba. Clyman ya gargaɗe shi da ya riƙe tsohuwar hanya kada ya sake ta, domin ko ita da ƙyar za ta kai su. Reed bai ji ba. Wani ɗan jarida ma, Edwin Bryant, da ya riga su wucewa, ya bar musu wasiƙar gargaɗi a zangon Fort Bridger, amma ba a ba su ba. A ranar 31 ga Yuli suka kama hanyar yanke, George Donner ne madugu, kuma da waɗanda suka riske su daga baya adadinsu ya kai mutum 87.

Sauri ya haifi nawa. A duwatsun Wasatch sai da suka yi fiye da mako biyu suna sare itatuwa suna ture duwatsu don su buɗe wa kekuna hanya. Hamadar gishirin da aka ce musu tafiyar kwana biyu ce, sai ga ta ta ninka tsawon da aka faɗa, ta cinye musu kusan mako guda, shanu suka haukace da ƙishirwa suka ɓace, aka zubar da kekuna. Lokacin da suka komo kan tsohuwar hanya a bakin kogin Humboldt a ƙarshen Satumba, yanken ya ci musu kusan wata guda. Gajiya ta kawo faɗa. A ranar 5 ga Oktoba Reed ya daɓa wa wani mai kora shanu, John Snyder, wuƙa ya mutu, aka kore shi daga ayarin ya yi gaba a kan doki, ya bar matarsa da 'ya'yansa.

Wajen 20 ga Oktoba suka iso wata fadama mai ciyawa inda birnin Reno yake a yau. A nan Charles Stanton, wanda suka aika neman abinci, ya dawo musu daga Kalifoniya da alfadarai ɗauke da kaya, tare da samari biyu 'yan ƙabilar Miwok, Luis da Salvador. Mai karatu, a nan ne hasashe ya shigo cikin lamarin. Shanu sun rame, ga ciyawa, ga kuma maganar da suka ji cewa mashigi ba ya rufewa sai tsakiyar Nuwamba. Bisa wannan lissafi suna da sauran mako uku, don haka suka zauna 'yan kwanaki suna hutar da dabbobi. Duk mai hankali zai iya yin haka. To amma sanyin wannan shekara bai bi lissafin ba. Kafin Oktoba ya ƙare dusar ƙanƙara ta fara zuba, kuma da na gabansu suka yunƙura su haye a farkon Nuwamba, sai suka tarar ta binne hanya, shanu ba sa iya ɗaga ƙafa. Suka komo bakin tafki. Iyalin Breen suka shiga tsohuwar bukkar Schallenberger, su Donner kuwa, da sandar da ke riƙe da ƙafafun kekensu ta karye, suka maƙale a wani rafi mai suna Alder Creek, kimanin kilomita tara a baya.

Mutum 81 ne sanyi ya tsare, kusan rabinsu yara. Da naman shanu ya ƙare aka koma dafa fatu da ƙasusuwa. A ranar 16 ga Disamba mutum 17 suka ɗaura faffaɗan takalman da suka haɗa da karkiyar shanu da ƙirgi suka tashi neman taimako. Biyu suka juyo, 15 suka ci gaba, bayan kwana 33 bakwai ne suka isa, mata biyar da maza biyu. A wannan tafiya ne yunwa ta kai su ga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu, kuma wani daga cikinsu ya harbe Luis da Salvador, mutanen da suka zo cetonsu. Masu ceto na farko ba su isa tafkin ba sai bayan tsakiyar Fabrairun 1847, mutum na ƙarshe kuwa sai a Afrilu aka fito da shi. Tamsen, matar George Donner, ta aika da 'ya'yanta amma ta ƙi barin mijinta da ke kwance yana jinya, can ta rasu. Cikin mutum 87, 48 ne suka tsira. A 1918 an kafa gunkin tunawa a wurin bisa wani dakali mai tsayin ƙafa 22, wai don mai ziyara ya ga zurfin ƙanƙarar da ta rufe su.

Abin lura shi ne, sauran ayarin shekarar duk sun haye lafiya, har da waɗanda suka bi Hastings ta hanyar yanken a gabansu. Sanyi ya zo da wuri ga kowa, amma wanda ya riga ya cinye rarar kwanakinsa a hanya shi kaɗai ya kama.

Layin dogo da rumfunan katako

Bayan shekara ashirin sai aka zo gina layin dogo ta wannan mashigi. Kamfanin Central Pacific ya ɗauki dubban leburori 'yan Sin suna huda dutse, kuma a sanyin 1866 zuwa 1867 an ƙirga guguwar ƙanƙara 44. Ma'aikata suka haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙanƙara suna bi daga masauki zuwa wurin aiki, zaftarewar ƙanƙara ta binne wasu, ba a ga gawarwakinsu ba sai da ta narke. Da kamfanin ya ga ba shi da hanyar sanin ranar da za ta zo, sai ya yi dabarar da ba ta bukatar sani: ya gina rumfunan katako na kimanin mil 37 a kan layin, jirgi yana tafiya a ciki kamar a cikin zaure. An haɗe layin gabas da yamma ranar 10 ga Mayu, 1869.

Layin dogo ya zo da wayar tangaraho, ita kuma ta sa labarin hadari ya fara riga hadarin isa. A watan Fabrairu na 1870 shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar yanayi ta ƙasa ƙarƙashin sashen sigina na soja, kafin a mayar da ita ta farar hula bayan shekara ashirin. Ma'aikatan jirgi kuma suka fara rubuta yawan dusar da ta zuba a ƙololuwar tun ƙarshen shekarun 1870. Wannan kundi ne ya nuna abin da su Donner ba su da halin sani, cewa a wannan dutse zubar ƙanƙara a Oktoba ba baƙon abu ba ne, kuma wata shekarar takan ninka wata sau da yawa.

Malamin Latin da bututunsa

Wani abin mamaki, mutumin da ya fara mayar da ƙanƙarar dutsen abar lissafi ba masanin kimiyya ba ne. James Church malamin harshen Latin ne a jami'ar Nevada da ke Reno, mai sha'awar hawan dutse, wanda ya kafa tashar auna yanayi a kan dutsen Rose a farkon ƙarni na 20. Wajen 1909 ya ƙera wani bututun ƙarfe da ake soka wa cikin ƙanƙara har ƙasa, a zaro a ɗora a kan sikeli. Nauyin shi ke nuna yawan ruwan da ke cikinta, domin zurfi kaɗai yana yaudara, wata ƙanƙarar garas take wata kuma jiƙaƙƙiya. Da wannan ya iya faɗin yadda tafkin Tahoe zai cika idan ta narke, a daidai lokacin da masu gidaje a bakin tafkin da masu amfani da ruwansa ke rigima kan buɗe madatsa. Jihar Kalifoniya ta kafa nata shirin awon a 1929, kuma awon 1 ga Afrilu ya zama ma'auni, ganin cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan jihar daga wannan ƙanƙara yake fitowa.

Sai dai fa Church abin da ya riga ya zuba yake aunawa. Abin da ke tafe har yanzu yana duhu. A ranar 13 ga Janairu, 1952, jirgin fasinja mafi ƙawa na wannan layi, mai suna City of San Francisco, ya maƙale a ƙanƙara yamma da mashigin Donner da mutum 226 a ciki. Kwana uku suka yi kafin a fito da su, mutum biyu cikin masu aikin ceto suka rasa rayukansu. A wannan sanyi tashar binciken ƙanƙara da aka kafa kusa da mashigin a 1946 ta auna inci 812, wato fiye da mita 20.

Daga Indiya zuwa Fasifik

Bakin zaren hasashen watanni daga wata nahiya ya fito. Bayan farin 1877 da ya hallaka miliyoyin mutane a Indiya, shugaban ofishin yanayi na can, Henry Blanford, ya fara duba yawan ƙanƙarar duwatsun Himalaya don ya hango ƙarfin damina. Gilbert Walker, wanda ya karɓi ofishin a 1904, ya tara bayanan tashoshin duniya, ya gano a shekarun 1920 cewa nauyin iska a gabashi da yammacin Fasifik yana yi kamar sikeli, idan nan ya hau can ya sauka. Sai a 1969 Jacob Bjerknes, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya nuna cewa wannan sikeli da ɗumamar ruwan teku da masunta na Peru ke kira El Nino abu guda ne, kuma yana karkatar da hanyar da hadari ke bi zuwa Amurka. Kishiyarsa, wato sanyayar ruwan, ita ake kira La Nina. Tun da teku ba ya saurin sauyawa kamar iska, wanda ya auna shi a Oktoba zai iya cewa wani abu game da Janairu. A 1986 Mark Cane da Stephen Zebiak suka yi nasarar hasashen zuwan El Nino da kwamfuta, kuma zuwa 1994 an gama kafa na'urori kusan 70 a tsakiyar tekun suna aiko da awo.

Amma a ɗaya ɓangaren, Edward Lorenz ya nuna tun 1963 cewa ɗan ƙanƙanin kuskure a awon yau yakan girma har ya ɓata lissafi gaba ɗaya, don haka faɗin yanayin wata rana takamaimai ba ya wuce kimanin mako biyu. Shi ya sa taswirar NOAA ba ta cewa ga ranar da ƙanƙara za ta sauko, ba ta ma faɗin yawan da za ta zuba. Abin da take yi shi ne ta raba yiwuwa gida uku, sama da yadda aka saba, daidai da shi, ko ƙasa da shi, sannan ta nuna inda rinjaye ya ɗan karkata.

Ga Sierra Nevada kuwa abin ya ƙara wuya. El Nino yakan jiƙa kudancin Kalifoniya, La Nina takan jiƙa jihohin arewa maso yamma, shi kuma mashigin Donner yana tsakiya, kowanne zai iya kawo masa komai. Bugu da ƙari, babban kaso na ruwan shekara yana zuwa ne daga 'yan guguwa ƙalilan, wasu dogayen zirin laima da masana ke kira kogunan sama, waɗanda ba a hango su sai ana saura kwanaki. Idan biyu ko uku suka kauce shekara ta bushe, idan suka jero ta cika. A ranar 1 ga Afrilu, 2015, gwamna Jerry Brown ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa a wurin awon ƙanƙara, lokacin da ta sauka zuwa kashi 5 cikin ɗari na yadda aka saba, ya ba da umarnin rage shan ruwan birane da kashi 25. El Nino mai ƙarfi na 2015 zuwa 2016 da aka sa wa rai bai jiƙa kudancin jihar yadda aka zata ba. A Oktoban 2022 kuma, ana shekara ta uku ta La Nina, hasashe ya karkata ga bushewa a wani yanki na Kalifoniya, sai ga kogunan sama sun jero tun daga ƙarshen Disamba, tashar mashigin Donner ta auna inci 754, na biyu a tarihinta bayan na 1952, har tafkin Tulare da ya daɗe da ƙafewa ya dawo ya mamaye gonaki.

Shin ke nan wahalar banza aka yi? Ko kusa. Hasashen kwana uku zuwa biyar a yau abin dogaro ne, kuma shi ne da su Donner suka samu a fadamar Reno da ba su zauna ba. A farkon Maris na 2024 an yi gargaɗin wata babbar guguwa tun kafin ta iso, aka rufe babbar hanyar mota mai lamba 80 da ta ratsa dutsen na 'yan kwanaki. Hasashen watanni kuwa yana da amfani ga mai yanke hukunci shekara bayan shekara, kamar mai kula da madatsa, wanda ɗan rinjaye kaɗan ke yi masa riba a tsawon lokaci. Ga mai tafiya guda da iyalinsa a cikin keke guda, rinjaye ba ya ceto.

Idan ka duba da kyau, mai karatu, maganar da aka faɗa wa su Donner ba ƙarya ba ce tsagwaronta. A shekaru da yawa mashigin yakan kai tsakiyar Nuwamba a buɗe. Kuskurensu shi ne sun ɗauki abin da aka saba a matsayin alkawari, a lokacin da ba su da sauran kwana ko ɗaya na rara, kuma rarar nan tun a Yuli suka sayar da ita, ranar da suka bar maganar wanda ya bi hanya da ƙafarsa suka kama ta wanda ya rubuta littafi. Hanyar da suka sha wuya suka sare a duwatsun Wasatch, ita mabiya ɗariƙar Mormon suka bi a Yulin 1847 suka shiga kwarin tafkin gishiri cikin 'yan kwanaki, suka kafa birni. Su kuwa masu saran, sunansu ya tsaya a kan tafki da mashigin da ba su haye ba.

Allah Ya kiyashe mu da da-na-sani, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.